Ledar da Na Yage a Ƙofar Motar Malam Yahuza

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah nake farawa, Shi nake roƙo Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya. Allah Ya kiyaye hanyar da za ka bi zuwa Fatakwal, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa aikin da ka samu a garejin kamfanin nan ya zama sanadin alheri gare ka da mu baki ɗaya.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda hannuna ya fi sabawa da sukundireba fiye da biro. To kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci, kuma ni dama can bakina nauyi gare shi. Akwai maganar da na daɗe ina tauna ta, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Ga shi za ka tafi garin da aka ce damina ta fi rani tsawo, za a damƙa maka motocin mutane. Shekara talatin da wani abu ina buɗe ƙofofin mota ina rufewa. Ba ni da gona ko gidan haya da zan ce na tara maka. Abin da na tara kurakurai ne, su zan shimfiɗa maka ka gani da idonka.

Na farkon ƙarami ne, har yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Ina koyon aiki wajen maigidana, marigayi Malam Garba, ni da wani abokina Ilu, wanda za ka ji labarinsa nan gaba. Wani direban tasi ya kawo mota yana kukan ruwa na jiƙa wa fasinjoji ƙafa. Maigida ba ya nan. Na durƙusa na leƙa ƙasan ƙofa, sai na ga wasu 'yan huji guda uku a jere. Na ce a raina, ga ɓarawon nan na kama. Na kwaɓa fila, irin ƙullun da ake cike lotsawar mota da shi, na toshe su tas, na goge, na shafa fenti. Direba ya tafi yana shi mini albarka.

Bayan mako biyu ya dawo fuska a murtuke. In ya buɗe ƙofar sai ka ji ruwa na ƙara a ciki kamar tulu a kan jaki. Malam Garba ya durƙusa gindin ƙofar. Ya ɗauki ƙusa ya huda filar da na sa, ruwa mai tsatsa ya yi ta tsiyaya har ya jiƙa masa silifa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Sani, wa ya ce maka ruwa ba ya shiga ƙofa?"

Na ce, "Ai na ɗauka robar gilashi ke tare shi."

Ya ce, "Babu robar da ke tare ruwa duka. Dole ya bi jikin gilashi ya gangara ciki. Wanda ya ƙera ƙofar ya san haka, shi ya sa ya huda masa hanyar fita a ƙasa. Kai kuma da ka fi shi sani ka zo ka toshe."

Ranar ce ya zaunar da mu ni da Ilu, ya cire kwalin ƙofa, wato murfin nan na ciki da hannun mutum ke taɓawa, ya nuna mana ledar da ke manne a bayansa da baƙin danƙo. Ya ce ita ce katanga tsakanin ruwan da ke yawo a cikin ƙofa da mutanen da ke zaune a mota. Ruwa ya fantsamo mata, ya gangara ta jikinta, ya koma cikin ƙarfe, ya fita ta hujin ƙasa. In babu ita, sai ya bi ta ramukan da wayoyi da hannun ƙofa ke wucewa, ya jiƙa kwali, ya sauka kan kafet.

Abba, can inda za ka, kai mai takardar makaranta ne, za ka tarar da tsofaffin makanikai da ko sunansu ba su iya rubutawa. In ka ga abin da ba ka gane amfaninsa ba a jikin mota, kada ka cire, kada ka toshe, sai ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce.

Da a ce rashin sani ne kaɗai laifina, da ban ɗauki biro ba. Kuskurena na biyu da sanina na yi shi.

Lokacin kana goye. Ni da Ilu mun samu 'yanci, kowa ya kafa rumfarsa a gareji ɗaya nan Tudun Wada, rumfa na kallon rumfa. Shi gilashi yake sawa, ni kuma makulli da injin da ke ɗaga gilashi da duk abin da ya shafi cikin ƙofa. Ilu maraya ne, daga ƙauye aka kawo shi koyon aiki. Shekara huɗu a gidanmu yake cin tuwo, kakarka ba ta taɓa bambanta kwanona da nasa ba. Mutum ne marar yawan magana, mai sanyin hannu. In yana aiki har haushi yake ba ni don nawa.

Akwai wani malami da ke kawo mana mota, Malam Yahuza, ɗan gidan malamai ne a cikin birni, yana koyar da Larabci a wata sakandare. Dutse ya fasa masa gilashin ƙofar baya ta ɓangaren direba, Ilu ya sa masa sabo. Bayan kamar mako uku injin gilashin ya maƙale, ya ƙi hawa, Malam ya kawo mini motar. Ranar Juma'a ce, tsakiyar marka, hantsi ya yi nisa. Ga wani Alhaji mai motocin haya ya aiko da mota uku suna jirana, ni kuwa na ƙwallafa raina in kama shi ya zama nawa.

Na cire kwali. Ledar na nan lafiyarta ƙalau, Ilu ya mayar da ita yadda ya kamata, har shatin babban yatsansa na gani a jikin danƙon. Abin da ya dace in yi, in bar motar a rana danƙo ya yi laushi, in ɗaye ledar a hankali daga sama, in naɗe ta gefe. Aikin minti goma. Sai na fizge ta. Ta yage gida biyu. Na gyara inji, gilashi ya hau ya sauka. Na dubi yagaggiyar leda a ƙasa, na dubi motocin Alhaji, na ce a raina, wa zai gani? Na dunƙule ta na jefa bola. Na kuma lura laka ta toshe hujin ƙasa, ban ko sa waya na zungure ba. Na mayar da kwali, na goge shi da tsumma har yana sheƙi.

Malam Yahuza ya zo ɗauka, ya gwada gilashi, ya ce, "Malam Sani, Allah Ya yi wa hannun nan albarka." Na ce amin, ban ji ko ɗar ba.

Abin da ban sani ba, soron gidansu na cikin birni ya fara yoyo, inda littattafan kakansa suke. Rubutun hannu ne, da tawada da alƙalami, wasu a gafaka, wasu a naɗe cikin tsofaffin ƙyallaye. Washegari ya kwaso su a kwali biyu don ya kai su gidansa na Kwangila mai rufin kwano, ya tsirar da su daga ruwa. Ya ajiye su a ƙasan mota, bayan kujerar direba. Kafin ya sauke sai aka aiko masa da rasuwar surukinsa a Kano. Ya kulle motar a ƙofar gida, ya bi motar 'yan'uwansa. Kwana uku ya yi. Kwana ukun nan kuwa sama ba ta ɗauke ba, ga motar dab da bakin indararo.

Ran nan da hantsi sai ga motar ta shigo gareji. Malam Yahuza ya fito, yayansa Alhaji Tukur ya fito, mutum mai zafin rai. Aka buɗe ƙofar baya. Warin jiƙaƙƙen kafet ya bugo mu. Malam ya sunkuya ya ɗago wani littafi da hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri. Takardun sun manne da juna sun zama curi. Inda ya iya buɗewa, tawada ta narke ta bi takardar, baƙi da ja sun cuɗe, ba ka iya gane harafi ɗaya. Bai yi faɗa ba. Innalillahi kawai yake maimaitawa.

Alhaji Tukur ya ce, "Wa ya taɓa ƙofar nan?"

Mutanen gareji sun taru. Sai na ji muryata tana cewa, "Ni inji kawai na taɓa, Alhaji. Ruwa kuwa ta gilashi yake shiga. Wanda ya sa gilashi shi ya san yadda ya bar ta."

Duk aka juya aka dubi Ilu.

Ya taso daga rumfarsa da sukundireba, ya durƙusa, ya cire kwalin a gaban kowa. Kwalin ya kumbura ya yi laushi kamar biredin da ya sha shayi. Bayansa ƙarfe ne tsirara, babu leda, sai guntun da ya rage maƙale da danƙo. Ilu ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗago ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini, Abba, bai fi ƙiftawar ido ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da filaya.

Alhaji Tukur ya hau shi da faɗa. Ya kira shi maha'inci, ya ce ya kashe abin da kakanninsu suka bari, ya ce zai gaya wa duk wanda ya sani a birni. Ilu bai ce komai ba sai, "A yi haƙuri. A bar ni in gyara." Ya zauna a ƙasa ya yanka sabuwar leda, ya manna, ya buɗe hujin ƙasa, ya fitar da kafet ya shanya. Ina rumfata ina ganinsa har ya gama.

Abba, ka ji ni da kyau. Aikin da ake rufewa da murfi shi ne aikinka na gaskiya. Fenti da sheƙi kowa ya iya. Mai mota ba zai taɓa buɗe ƙofarsa ya duba ba, kuma ba ka san abin da zai ɗauka a motar gobe ba. Ni na ɗauka kafet kawai nake wasa da shi.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗa maka yadda ake yi, ko da an koya muku a makaranta. In mota na tara ruwa a ƙafa bayan an yi ruwan sama, kada ka yi saurin ɗora wa robar gilashi laifi. Cire kwalin a hankali, ka kula da 'yan maɓallan roba da ke riƙe da shi, saurin karyewa gare su. Duba bayan kwalin, in akwai shatin ruwa ka samu bakin zaren. In ledar ɗagowa kawai ta yi, ka goge ƙarfen ya bushe sarai, babu ƙura babu maiƙo, ka sa sabon danƙo ka bi shi da yatsa kewaye, kada ka bar ko gurbin da tsinke zai shiga, musamman ta ƙasa da kusurwoyi. In ta yage, ka yanka sabuwa mai kauri, ka ɗora tsohuwar a kai ka fitar da girmanta. Inda waya ko sandar hannun ƙofa za ta wuce, ƙaramin tsagi za ka yi, ka liƙe kewayensa. Layin danƙon na ƙasa ya zauna ƙarƙashin 'yan ramukan da ke mayar da ruwa cikin ƙarfe, don abin da ya gangaro jikin leda ya samu hanyar komawa. Ka zungure hujin ƙasan ƙofa da waya. Kafin ka mayar da kwali, ka rufe gilashi, ka sa wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga waje, kai kana ciki kana kallo. Sai ka ga yana fita ta ƙasa, ciki a bushe, sannan ka rufe. Salatif kuwa ba abin aikin nan ba ne. Rana ɗaya ta zafi ta ishe shi ya saki.

Na koma kan Ilu. Maganar Alhaji Tukur ta yi tasiri. Mutanen birni suka daina kawo masa gilashi, wasu ma in sun zo wajena sai su ce, "Kada dai ka bari wancan ya taɓa." Ni kuwa sai in yi shiru. Kullum da safe yakan gaishe ni kamar yadda ya saba, ya tambayi lafiyar kakarka. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sau da yawa nakan tashi da niyyar tsallakawa rumfarsa, taku goma ne kacal, sai in ce bari a gama wannan motar tukuna.

Bayan Babbar Salla ya kwashe kayansa, ya ce zai gwada Funtuwa. Ranar da zai tafi ya shigo rumfata ya ajiye mini naɗin baƙin danƙo sabo a kan benci.

Ya ce, "Ga wannan, zai yi maka amfani."

Na ce, "Ilu..."

Ya jira. Wallahi ya jira, Abba, yana tsaye yana kallona. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah Ya kiyaye hanya."

Ya ce amin, ya fita.

Har yau ban san abin da ya sa ya rufa mini asiri ba. Ko don tuwon kakarka ne, ko don ya ga ina da jariri, ko kuwa jira yake in faɗa da kaina. Ban tambaye shi ba. Abin da zan ce maka, yage leda kuskure ne da aka iya gyarawa da wuni ɗaya. Ƙaryar da na ɗora a kai ita ce ta raba mutum da abincinsa da garin da ya saba. In ka ɓata aiki, ka faɗa tun ana tsaye a wurin, da bakinka, kafin tsoro ya samo maka wanda za ka jingina wa. Za a yi maka faɗa, wataƙila a rage maka matsayi. Duk wannan mai wucewa ne.

Yanzu na zo kan wanda ya shafe ka.

Kana da shekara goma sha shida, lokacin hutu, kana zuwa gareji. Hannunka ya fi nawa kyau tun a lokacin, ban taɓa gaya maka ba. Na ba ka ƙofar wata mota ka canza makulli, na tafi sayen kaya. Na dawo ka gama ka rufe. Sai na sa hannu na sake cire kwalin, don tun abin da ya faru ba na barin ƙofa ta fita ban duba ba. Na tarar ledar ta ɗan yage, ka liƙe ta da salatif.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ka ce, "Baba, danƙo ya ƙare. Kuma na ga ai ciki ne, babu mai gani."

Ka san sauran. Na kwaɗa maka mari a gaban mai motar da duk mutanen gareji, har hularka ta faɗi cikin baƙin mai. Ba ka yi kuka ba. Ka ɗauki hular, ka ajiye sukundireba a kan benci, ka tafi gida a ƙasa. Daga ranar ba ka sake taka garejin ba. Ka ci gaba da gaishe ni safe da yamma, ka yi karatunka, ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba. Amma hirar da muke yi a kan babur in za mu tafi aiki, kana tambayata sunan kowace mota da ta wuce, ita ta ƙare a ranar.

Da na koma gida mahaifiyarka ta kawo mini abinci ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Malam, shekara nawa yaron nan yana ɓata abu kana dariya? Marin nan ba nasa ba ne. Na wane ne?"

Ranar na ba ta labarin duka, ita ce mutum ta farko da ta ji. Da na gama ta ce, "Funtuwa ba Makka ba ce. Ka shirya ka je. Yaron nan kuma ka kira shi ka gaya masa."

Na ce to. Ban yi ko ɗaya ba. Girman kai ya ce mini uba ba ya ba ɗansa haƙuri. Game da Ilu kuwa, na ce sai bayan damina, aiki ya yi yawa. Damina ta wuce, na ce sai bayan azumi. Haka na yi ta ja har shekara biyu. Wata Laraba ina cin abincin rana wani direban Funtuwa ya tsaya gyaran makulli, yana cikin hira ya ce, "Ashe Ilu mai gilashi lokaci ya yi. Shekaranjiya aka kai shi." Lomar da ke hannuna ban san inda ta faɗi ba.

Na je ta'aziyya. Babban ɗansa ya karɓe ni hannu biyu, ya ce, "Kai ne Baba Sani na Zariya? Kullum Baba yana ba mu labarin tuwon gidanku." Na ja shi gefe na gaya masa abin da na yi wa mahaifinsa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wallahi bai taɓa ambata mana ba. Mu dai mun yafe namu." Na dawo a mota ina kallon gonaki, ban ga komai ba.

Daga nan na nufi Kwangila wajen Malam Yahuza. Ya tsufa, ya yi ritaya, ido ya yi rauni. Na durƙusa a zaurensa na faɗi komai. Ya sa aka ɗauko masa wata jaka, ya nuna mini abin da ya tsira. Ya ce shekaru ya yi yana bin tsofaffin ɗaliban gidansu, wanda ya haddace wani abu ya karanta masa ya rubuta. An samu maido da wasu. Amma akwai wata doguwar waƙar wa'azi da kakansa ya yi da ajami, babu wanda ya riƙe ta sai baiti huɗu.

Ya ce, "Haƙƙina na yafe maka, duniya da lahira. Littattafai na Allah ne, Ya karɓi abinSa. Amma shi bawan Allahn da yayana ya ci wa mutunci fa, yana ina?"

Na ce, "Ya rasu, Malam."

Ya yi masa addu'a. Sannan ya ce, "To ka ja mu cikin zalunci ba mu sani ba. Allah Ya yafe mana. Kai kuma ka koma inda ka faɗi ƙaryar, ka faɗi gaskiya a wurin."

Na bi maganarsa. Washegari bayan sallar Azahar a masallacin gareji, na miƙe na ce jama'a su ɗan dakata. Na ce shekarun baya na yi wa Ilu mai gilashi ƙazafi, ni na yage ledar motar Malam Yahuza, shi ba shi da laifi. Na gama na tsaya ina jiran abin da za a ce. Tsofaffin da suka san abin duk sun mutu ko sun tashi. Aka yi ta kallon juna. Sai wani mai fenti da ke sahun gaba ya ce, "Baba Sani, wane Ilu?"

Ka ga abin da jinkiri ke yi. Na kawo gaskiyar, amma babu sauran wanda za ta yi wa amfani. Don haka in ka san ka cuci mutum, ko da da kalma ce, kada ka ce sai an gama wannan motar. Ka je a ranar. Ba ka da tabbacin zai jira ka, ba ka da tabbacin kai za ka kai.

Saura kai. Shekara tara ke nan ina ɗauke da marin nan. Laifinka a ranar na nasiha ne, a ja ka gefe a nuna maka, a aike ka ka sayo danƙo. Abin da ya ɗaga hannuna shi ne na ji maganar zuciyata ta fito daga bakinka, sai na huce a kanka abin da ya kamata in yi wa kaina. Na kunyata ka a gaban mutane, na kore ka daga sana'ar da kake so, kuma na bar ka kana zaton kai ne mai laifi. Ka yafe mini, Abba. Ni mahaifinka nake roƙonka, ban ga wani ƙasƙanci a ciki ba. In wata rana Allah Ya sa wasu a ƙarƙashinka, ko Ya ba ka naka 'ya'yan, kafin ka ɗaga murya ka tambayi kanka da wa kake fushi.

Da na yi niyyar in cusa takardar nan cikin jakarka, ka gan ta bayan ka isa. Na ga wannan ma wata dabarar gudu ce irin wadda na saba. Zan ba mahaifiyarka ta miƙa maka yanzu da safe, tun kana gida. Yau ba zan fita aiki ba. Ina zaure har a kira Azahar, kafin lokacin tafiyarka tasha. In ka ga za ka iya, ka shigo mu zauna, ko ba za mu ce komai ba. In kuma zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ba zan riƙe ka da komai ba, albarkata na tare da kai ko ka shigo ko ba ka shigo ba.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa kiran mahaifiyarka, ba za ta ce tana kewarka ba, amma tun jiya take ninke kayan da ta riga ta ninke. In ka yi addu'a ka sa Ilu a ciki.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa albarka a hannunka da abin da zai taɓa. Allah Ya tsare ka a inda muke gani da inda ba ma gani, Ya dawo mana da kai muna raye. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani